Yadda Ake Haɗa Kwaɗon Gasasshen Dankali Don Rakiyar Abinci

A yawancin gidajenmu idan an sayo dankalin Hausa, abu uku ne ke jiransa: a dafa a ci da mai da yaji, a soya, ko a yi fate. Gashi kuwa mun bar wa yara, su turbuɗe shi cikin toka bayan an sauke tuwo, su tono shi rabi ƙonanne rabi ɗanye, suna hura yatsu. Amma duk wanda ya taɓa cin wannan ɓangaren da ya gasu daidai ya san akwai wani zaƙi da ƙamshi da dafaffen dankali ba ya taɓa kaiwa. A kan wannan zaƙin za mu gina haɗinmu na yau.

Turawa salak suke kiransa. Ni kwaɗo nake ce masa, domin da na duba abin da ke cikinsa, ganye ne da albasa da mai da tsami da wani abu mai ƙaras-ƙaras a baki, kuma wannan shi ne kwaɗon zogale da na lansir da muka tashi muna ci. Bambancin kawai gasasshen dankali ya shigo ciki ya zama shi ne uban tafiya. Ana ajiye shi gefen gasasshiyar kaza, ko kifi, ko balangu, har ma da shinkafa da miya idan ana son faranti ya cika ido.

Kayan haɗi na mutum shida

Dankalin Hausa kilo 1, wato matsakaita huɗu ko biyar
Man gyaɗa babban cokali 6, uku na gashi uku na haɗi
Jar albasa matsakaiciya 1
Tattasai ja 1
Attaruhu rabi, ko guda idan gidanku masu son yaji ne
Lemun tsami 3 ko 4, gwargwadon ruwansu
Dakakken ƙuli-ƙuli babban cokali 4
Soyayyar gyaɗa ko riɗi, cikin tafin hannu
Tafarnuwa ƙwara 1, ɗanyar citta ɗan guntu
Ganye cikin hannu biyu: lansir, latas, ko dafaffen zogale
Gishiri, masoro, da ɗan lawashi

Zaɓen dankali

Daga kasuwa aikin yake farawa. Dankali yana wadata ne daga kaka zuwa cikin hunturu, lokacin ne za ki ga an jibge shi tuli-tuli a kasuwar Yankaba ta Kano da sauran kasuwannin kayan gwari. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kudaku suke ce masa, wasu kuma lawur, duk abu ɗaya ne. Ki zaɓi mai tauri, mai santsin baya, wanda idan kin ɗaga za ki ji nauyinsa. Ki guji mai ƙananan huda baƙaƙe, domin aikin ƙwaro ne, kuma dankalin da ƙwaro ya shiga yana da wani ɗaci da wari waɗanda wuta ba ta kashewa. Guda ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata miki tire guda. Idan kin yanka kin ga hanyoyi baƙaƙe a ciki, jefar da shi, kada ki tsaya ragewa.

Iri biyu za ki fi gani. Akwai mai farin ciki, wanda bayansa fari ne ko ja, shi muka fi sani, yana da gari kuma ba shi da ruwa sosai. Akwai kuma mai ciki ruwan goro kamar karas, wanda ya fi laushi da zaƙi. Wannan launin nasa daga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke kwaɗaitar da a ba yara da masu juna biyu. Cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa da ke Umudike a jihar Abiya ta fitar da ire-irensa, ciki har da King J da Mother's Delight. Idan kin same shi, shi ya fi kyau a wannan haɗin, ko don launinsa a kan koren ganye. Idan ba ki samu ba, farin ma yana yi, sai dai yana da ɗan sharaɗi da zan faɗa a gaba. Ni nakan haɗa biyun rabi da rabi.

Wani abu kuma: dankalin da aka tono jiya bai kai wanda ya yi mako biyu a ajiye zaƙi ba, domin yana zaune garinsa na rikiɗewa zuwa sukari a hankali. Ki ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga. Kada ki sa ɗanyensa a firji, sanyi yana taurara cikinsa ya canza masa ɗanɗano.

Mataki na farko: wanki da yanka

Ki wanke shi da soso har ƙasa ta fita. Fere bawo zaɓi ne. Idan bayan mai santsi ne, bar shi, yana taimaka wa yankan ya riƙe jikinsa lokacin juyawa, kuma gasasshen bawo yana da daɗi. Idan mai kaushi ne ko mai tabo, fere.

Yanka shi murabba'i, kowane gefe kamar santimita 2, misalin gaɓar babban yatsanki. Abin lura a nan shi ne su zo kusan girma ɗaya. Idan wani ƙato wani ɗan mitsitsi, ƙananan za su ƙone kafin manyan su nuna. Kina yankawa kina zubawa a ruwa, domin farin ƙaron nan da yake fitarwa yana sa shi yin baƙi da zarar ya sha iska, yana kuma manne wa hannu. Idan ya manne miki, ɗan shafa mai zai cire shi.

Ga sharaɗin farin dankali: tun da ba shi da ruwa, idan aka jefa shi cikin zafi kai tsaye bayansa kan bushe ya yi tauri kamar fata kafin cikin ya nuna. Maganin abin, ki tafasa ruwa da gishiri, ki zuba yankan minti 4 kacal, ki tsane. Ba dafa shi ake son yi ba, a dai tsorata shi. Mai ruwan goro ba ya buƙatar wannan.

Ko wanne ne, ki baza shi a kan tsumma mai tsabta ki tsane ruwan tas. Kada ki yi wa wannan ha'inci. Jiƙaƙƙen dankali idan ya shiga zafi turara yake yi, turararre kuwa ba zai yi ja ba ko ya kwana a wuta.

Mataki na biyu: gashi

Nan ne kwaɗon yake gyaruwa ko ya lalace, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kunna obin ya kai digiri 220 kafin ki sa komai, ki bar tiren a ciki ya yi zafi tare da shi. Ki zuba dankalin a roba mai faɗi, ki sa man gyaɗa cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 1, da masoro rabin ƙaramin cokali. Ki sa hannu ki cakuɗa har kowane yanki ya yi sheƙi. Cokali ba ya wannan aikin kamar hannu. Kada ki sa tafarnuwa ko garin barkono tukuna, a irin wannan zafin ƙonewa za su yi su bar ɗaci.

Ciro tiren mai zafi, ki juye dankalin, za ki ji ya yi ƙara, haka ake so. Baza shi shimfiɗa ɗaya, kowane yanki ya taɓa ƙarfen tire, a bar ɗan fili tsakani. Karo na farko da na gwada, rowar gas ta sa na tula kilo ɗaya da rabi a ƙaramin tire. Da na buɗe bayan rabin awa, abin da na tarar ya fi kusa da fate, fari fat, ruwa kwance a ƙasa. Dalili shi ne dankali yana fitar da tururi, idan ba shi da hanyar fita sai ya zauna tsakaninsu ya dafa su. In tirenki ƙarami ne, raba gashin gida biyu, ya fi miki.

Ki bar shi minti 20 ba tare da kin taɓa ba. Na san hannu yana ƙaiƙayi, amma gefen da ke kwance a ƙarfe yana buƙatar lokaci kafin ya yi ja ya saki tiren da kansa. Idan kin yi saurin juyawa zai manne ya farfashe. Bayan minti 20 ki juya da faffaɗan cokali, ki zuba yankakken tattasai manya-manya a gefe, ki mayar minti 10 zuwa 15. Ya yi idan tsinke ya shige ba gardama, gefunan sun yi ja mai duhu, wasu kusurwoyin har sun ɗan yi baƙi-baƙi. Wannan ɗan baƙin kada ya tsorata ki, sukarin dankalin ne ya narke ya ƙone kaɗan, kuma shi ne daɗin.

Daga ina zaƙin yake ƙaruwa? A cikin dankali akwai wani sinadari da ke farfasa gari ya mai da shi sukari, kuma ya fi aiki lokacin da cikin dankalin yake tsakanin digiri 60 zuwa 75. Idan zafi ya wuce haka sai ya mutu. Shi ya sa dankalin da aka turbuɗe gudansa a toka, wanda zafi ke ratsawa sannu a hankali, yake fitowa har da wani danƙo kamar zuma. Masu son zaƙi sosai sukan sa shi tun obin yana sanyi don ya daɗe a wannan matakin. A kwaɗo ban ga amfanin haka ba. Zaƙin da yake da shi ya isa, abin da muke nema shi ne jan gefe da yanki mai riƙe jikinsa.

Idan babu obin

Gidaje da yawa babu obin, masu na lantarki kuma sun san yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Gawayi yana yi, ni a wurina ma ya fi, saboda ƙamshin hayaƙi.

Hanya mafi sauƙi ita ce raga, irin ta masu gasa masara. Maimakon murabba'i, yanka dankalin faifai-faifai, kaurin yatsa. Tsorata shi a tafasasshen ruwa minti 4 ko wane iri ne, tsane, shafa mai da gishiri. Ki jira garwashi ya daina ci da harshe, ya lulluɓe da farar toka, sannan ki jera. Kowane gefe minti 6 zuwa 8, kina lura, domin gawayi ba ya da awo. Idan sun gasu sai ki yayyanka su gida huɗu.

Hanya ta biyu kasko ne mai kauri, ko tukunyar ƙarfe mai faɗin gindi. Mai cokali biyu kawai, kada ya zama suya. Jera dankalin shimfiɗa ɗaya, rufe minti 8 a matsakaiciyar wuta don cikin ya nuna, sannan buɗe ki ɗan ƙara wuta, kina juyawa jefi-jefi har gefuna su yi ja.

Tukunyar yashi da muke gasa kek da ita ma za ta nunar da shi, amma ba ta cika ba shi launi ba, domin tururi ba ya fita. Idan ita ce kawai gare ki, ki ƙarasa shi a kasko minti biyar. Masu na'urar nan mai gashi da iska mai zafi kuwa, digiri 200, minti 15 zuwa 18, a girgiza kwandon sau ɗaya a tsakiya.

Mataki na uku: albasa da ruwan haɗi

Dankali na wuta, ke kuma kina wannan. Yanka albasa siriri sosai, ki matsa mata lemun tsami guda, ki barbaɗa ɗan gishiri, ki murza da yatsa ki ajiye. Minti goma sha biyar ya ishe ta. Za ta yi laushi, launinta ya koma ruwan hoda, zafin nan da ke hawa hanci ya kwanta, kuma wanda ya ci ba zai wuni yana warin albasa ba. Ruwan da ta tsatso kada ki zubar, cikin haɗi zai koma.

Sai man. Ɗanyen man ƙuli yana da gafi, kowace uwargida ta san wannan. Ki ɗora sauran cokali ukun a wuta da ɗan yankan albasa har ta yi ja, ki sauke ya huce. Idan man zaitun gare ki, ba sai kin soya ba, amma gaskiya man gyaɗa ya fi jituwa da ƙuli-ƙuli.

A kofi ko kwalba mai murfi, ki haɗa man da ya huce, ruwan lemun tsami babban cokali 3, tafarnuwa da citta da kika goga ko kika daka lukui, jajjagen attaruhu, gishiri rabin ƙaramin cokali, da rabin ƙuli-ƙulin. Rufe ki girgiza da ƙarfi har ya haɗe ya yi kauri. Ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji tsamin ya ɗan yi yawa, har ki yamutsa fuska. Kada ki gyara. Dankali mai zaƙi ne kuma mai gari, zai shanye rabin tsamin nan, abin da ya rage shi ne daidai. Idan ruwan haɗin ya yi miki daɗi shi kaɗai a cokali, to a kan dankali lami zai yi.

A girke-girken Turawa za ki ga suna ƙara zuma. Da mai ruwan goro ban ga dalili ba, zaƙi kan zaƙi gundura yake kawowa. Da fari zalla, ƙaramin cokali ɗaya ba laifi. Idan lemun tsami ya yi tsada, jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi ki tace mai kauri, cokali 3, tana ba da wani ɗanɗano na daban da ni har na fi so idan da kifi za a ci.

Batun bama kuwa, na san wasu ba sa ganin salak ya cika sai an lafta ta. A nan ki yi haƙuri. Duk wahalar da kika sha wajen samo jan gefen nan, bama za ta lulluɓe ta mayar da shi laɓo-laɓo, ƙamshin gashi ya ɓace. Ga shi kuma ba ta jure zafin garinmu idan abinci zai daɗe a waje. Dunƙule ma ba dole ba ne, ƙuli-ƙuli ya riga ya yi aikinsa. In kin saba, rabin guda ki murmushe a ruwan haɗin.

Mataki na huɗu: ganye

Lansir na fi so, saboda ɗan yajinsa yana tsaya wa zaƙin dankali. Latas ya fi sauƙin samu amma ba shi da ta cewa, kuma saurin yaushi gare shi. Zogale kuwa sai an dafa shi ya yi laushi an matse ruwan sosai, kuma shi ne ya fi riƙe ciki, har kwaɗon ya iya zama abincin rana shi kaɗai.

Duk ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da kyau. Yawancin na lambu ne, ba ki san da ruwan da aka yi ban-ruwa ba. Ki tsinke shi ɗaya-ɗaya, ki wanke a ruwa mai tsabta sau uku kina tsamo ganyen daga sama don ƙasa ta kwanta a gindin roba, ki jiƙa ɗan lokaci a ruwan gishiri ko ruwan kal, ki ɗauraye da ruwan sha. Sannan ki bar shi a kwando ya tsane sarai, domin jiƙaƙƙen ganye yana tsinka ruwan haɗi.

Mataki na biyar: haɗawa

Lokaci ne sirrin wannan matakin. Idan kin sauke dankalin ki ba shi minti 10 ya sha iska a kan tirensa, kada ki rufe. Yana da sauran ɗumi za ki juye shi a babban kwano tare da tattasan, ki zuba kashi biyu cikin uku na ruwan haɗin, ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama. Dankali mai ɗumi yana tsotse tsami da gishiri har cikinsa, wanda ya huce kuwa a bayansa kawai za su tsaya. Ki bar shi wasu minti 10.

Ganye shi ne akasin haka: zafi ne makashinsa. Sai dankalin ya koma ɗumin da za ki iya riƙewa a tafin hannu ba ƙuna, kuma sai an kusa zama cin abinci, sannan ki zuba ganyen da albasar da ruwanta da sauran ruwan haɗin. Juyi biyu ko uku ya isa. Ɗanɗana, ki ƙara gishiri ko lemun tsami idan da buƙata, yawanci lemun ne ke neman ƙari.

Juye a faranti mai faɗi maimakon kwano mai zurfi, don kada na ƙasa ya danne. A sama ki barbaɗa sauran ƙuli-ƙulin, da gyaɗar da kika ɗan farfasa, da yankakken lawashi. Waɗannan a ƙarshe ake sa su don su isa baki da ƙaras ɗinsu. Idan akwai baƙi, ki faɗa musu da gyaɗa a ciki, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta, wasu har numfashi take toshe musu. Ga irin waɗannan sai a yi da riɗi da man zaitun, a bar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa gaba ɗaya.

Abin da za a iya ƙarawa, da abin da ya fi kyau a bari

Turawa sukan marmasa wani farin cuku mai gishiri a kai. Namu cukun, irin wanda ake kawowa daga Nijar, idan aka ɗan gasa shi aka farfasa yana yin wannan aikin. Soyayyar awara yankakkiya ƙanana ma tana shiga, haka dafaffen wake cikin kofi guda, in dai bai dahu ya fashe ba. Ranar da za a ci da tsire ko balangu, nakan barbaɗa yajin mai nama kaɗan a kan dankalin minti biyar kafin sauke shi, sai ɗanɗanon ya bi na naman. Na'a-na'a ganye biyar ko shida, a yaga da hannu, tana da kyau lokacin zafi.

Tumatir da kokwamba ne nake ja da baya a kansu. Ruwa gare su, kuma da sun ji gishiri sai su saki. Idan dole sai da su, cire 'ya'yan tumatirin, ki sa su a ƙarshe tare da ganye.

Idan hidima ce da ke, kamar suna ko buɗa-baki da mutane da yawa, za ki iya gasa dankalin da safe ki zuba masa kason farko na ruwan haɗi, ya huce ki sa a firji. Kafin a ci da rabin awa ki fito da shi, domin sanyi yana daskarar da mai ya dushe ɗanɗano, ko ki ɗan ɗumama shi a kasko. Dankalin da ba a haɗa da ganye ba yana kwana uku a firji cikin mazubi mai murfi. Wanda aka riga aka haɗa kuwa na ranar ne, kuma kada ya wuce awa biyu a waje, lokacin bazara ma awa ɗaya. Idan gasasshen ya yi saura, washegari da safe ki watsa shi a kasko da albasa, ki fasa ƙwai biyu a kai, a sha da kunun gyaɗa ko shayi.